Amarya Daga Zango

A Nima da Mamobi, cikin birnin Akra na ƙasar Gana, da wuya ƙarshen mako ya wuce ba a tare wani lungu da rumfuna da kujeru domin ɗaurin aure ba. Maza su zauna, a raba goro da alewa, liman ya tambayi waliyyin amarya ko ya bayar, ya tambayi wakilin ango ko ya karɓa. Kafin a shafa fatiha sai a faɗi sadaki a gaban shaidu, a kuma bayyana ko an biya shi lakadan ko kuwa ajalan ne. Kiristan da yake zaune a zango ya san wannan duka, gama ana gayyatarsa, yakan je, yakan kuma ci goron. Yawancin mutanen waɗannan unguwanni Musulmi ne, amma tun da daɗewa akwai masu bin Almasihu a cikinsu: Frafra da Dagati da Kusasi daga arewacin Gana, da Ewe, da Akan, da waɗanda suka zo daga Nijeriya da Togo. Majami'ar Katolika ta Kizito Mai Tsarki tana cikin Nima, ban da ƙananan majami'u masu yawa. Hausa ce take haɗa su da maƙwabtansu a kasuwa da bakin famfo.

Cikin irin wannan zaman tare ne wata tambaya takan taso. Maƙwabci ya ji ana wa'azi cewa ikkilisiya amaryar Almasihu ce, ko ya ji an karanta wurin da annabi Ishaya ya kira Mahalicci mijin jama'arsa (Ishaya 54:5), sai ya dafa ƙirji ya ce, "Subhanallahi! Allah ne yake da mata?" Wannan ba tambayar raini ba ce. Alƙur'ani ya faɗa sarai, a Suratul Jinni da Suratul An'am, cewa Allah ba shi da mata, wanda kuwa ya tashi da wannan koyarwa dole kunnensa ya ƙi maganar. Bai kamata mai bi ya fusata ba. A ma'ana ta zahiri maƙwabcin yana da gaskiya, annabawan Tsohon Alkawari kuma a gefensa suke. Kan'aniyawa ne suke da gumaka maza da mata, irin su Ba'al mai ba da ruwan sama da gunkiya Ashera. Waɗansu Isra'ilawa ma sun faɗa cikin wannan. A shekarun 1975 da 1976 masu tonon kayan tarihi sun sami rubuce-rubuce na wajen shekara 800 kafin haihuwar Almasihu a Kuntillet Ajrud, cikin hamadar Sina'i, inda ake sa wa mutane albarka da sunan Yahweh tare da Asherarsa. Sarki Yosiya sai da ya fitar da siffar Ashera daga cikin Haikali kansa ya ƙone ta (2 Sarakuna 23:6). Saboda haka da annabawa suka ɗauki maganar aure, juya ta suka yi. Allah ba shi da abokiyar zama a sama. Wadda ake kira matarsa jama'a ce ta 'yan adam a nan ƙasa, abin da ya haɗa su kuwa alkawari ne, ba jiki ba.

To, me ya sa ba su tsaya ga misalan da ba su da hatsari ba? Littafi Mai Tsarki yana kiran Allah sarki, da makiyayi, da alƙali, ba wanda ya taɓa tuntuɓe a kan waɗannan. Dalili shi ne, akwai abin da ba za su iya ɗauka ba. Talaka ya karya dokar sarki, laifi ya yi, a ci shi tara. Tunkiya ta ɓace wa makiyayi, hasara ce. Amma idan abokin aure ya juya baya, sunan abin cin amana, ciwonsa kuma a zuciya yake. Annabawa suna so jama'a su gane cewa zunubinsu ya fi karya doka, ya kai ga wanda ya zaɓe su da kansa, ba domin yana bukatarsu ba.

Akwai wata kalma a littafin Yusha'u da mutumin zango zai gane fiye da masana da yawa. A Ibraniyanci kalmar ba'al sunan gunki ce, amma tana kuma nufin mai abu, da ubangida, da miji. Hausa tana da irinta, wato maigida. Mace takan ce maigidana saboda kunya da girmamawa, ba laifi a cikin wannan. Amma a zango maigida yana da wata ma'ana tun zamanin fataucin goro da shanu: shi ne mai masauki, wanda yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Maigidan kirki abin godiya ne. Duk da haka baƙonsa baƙo ne, in ciniki ya ƙare ya ɗaure kayansa. Ta bakin Yusha'u Ubangiji ya ce rana tana zuwa da jama'arsa za su daina kiransa da waccan kalma ta ba'al, su kira shi da kalmar da take nufin miji kawai (Yusha'u 2:16). Isra'ila ta mai da Allah kamar mai masauki, a ba shi hadaya ya ba da ruwa da hatsi, in wani ya fi shi biya a koma can. Shi kuwa ba ciniki yake nema ba.

Zango, asalin ma'anarsa, wurin da ayari yake yada kaya ya kwana. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da yawa sun watsu zuwa kudu, waɗansu suka kai bakin teku, garin da tsofaffi suke kira Ankara. Nima kanta ta fara ne wajen 1931, sa'ad da Malam Amadu Futa, mai cinikin shanu kuma malami, ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu. A lokacin yaƙin duniya na biyu ta cika da masu neman aiki a sansanonin soja da suke kusa. Ƙasar ta mutanen Ga ce, mazaunan kuwa baƙi ne daga ko'ina: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosi, Kotokoli, Yarabawa. Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne. Abin da ya fi hana raɓar nan bushewa shi ne aure. Falke ya auri 'yar gari, 'ya'yansa suka sami kawunnai a cikin masu ƙasa, wanda jiya ake kira baƙo yau an kira shi suruki. Har tsarin mulkin Gana na 1992 ya san da wannan ƙofa, gama ya ba wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa izinin neman a rubuta shi ɗan ƙasa.

Amma zango ya kuma san ranar da kalmar baƙo ta zama hukunci. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin kwana 14. Dubun dubatar mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau manyan motoci. Da yawa a cikinsu a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. Gidaje sun rabu, miji ya tafi, mata da 'ya'ya suka tsaya. A farkon 1983 Nijeriya ta yi irin nata, wajen mutum miliyan ɗaya na Gana suka komo gida da kayansu cikin jakar nan da har yau ake kira Gana-mas-go. Wanda kakarsa ta ba shi labarin waɗannan kwanaki ya san nauyin a dubi mutum a ce masa, kai ba namu ba ne.

Wannan magana ce Allah ya sa annabi Yusha'u ya raɗa wa ɗansa ta zama sunansa. Yusha'u ya yi annabci a mulkin arewa, wato Isra'ila, a ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, tun daga zamanin sarki Yerobowam na biyu, lokacin da kasuwa take ci, ana kuma ninka bagadai ga Ba'al. Ubangiji ya umarce shi ya auri mace da ba za ta riƙe amana ba, ya auri Gomer 'yar Diblayim. Ta haifi 'ya'ya uku. Na fari aka sa masa Yezreyel, sunan kwarin da aka zubar da jini a cikinsa. Ta biyu Lo-ruhama, wato wadda ba a yi wa jinƙai ba. Na uku Lo-ammi, wato ba jama'ata ba. Mai karatu ya kwatanta ranar suna a Mamobi, an yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da irin wannan suna. Kowace safiya da annabin ya kira yaron, wa'azi ya yi wa unguwa. A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe mutanenta, sunan yaron ya tabbata.

Da a nan littafin ya tsaya, da labarin kora ne kawai. Amma a sura ta biyu, bayan an gama lissafta laifin matar, sai magana ta juya inda ba a zata ba. Mijin ya ce zai kai ta jeji, inda suka fara sanin juna bayan fitowa daga Masar, ya lallashe ta, ya sake neman aurenta kamar budurwa. Ya ambaci abubuwa biyar da zai ɗaura auren da su: adalci, da shari'ar gaskiya, da madawwamiyar ƙauna, da jinƙai, da aminci (Yusha'u 2:19-20). Masana Ibraniyanci da yawa sun lura cewa ginin jimlar iri ɗaya ne da wanda ake amfani da shi in za a faɗi abin da ango ya biya, kamar yadda Dawuda ya faɗi abin da ya biya domin Mikal (2 Sama'ila 3:14). Wato waɗannan biyar su ne sadaki. Ibraniyawa suna kiran sadaki mohar, 'yar'uwar kalmar Larabci mahar. Abin lura a nan shi ne, dukan biyar ɗin abubuwa ne da matar ta rasa. Ba a ce ta kawo aminci tukuna a aure ta ba. Angon ne ya kawo, daga nasa. Sa'an nan aka sake wa yaran suna: wadda ba a yi wa jinƙai ba ta sami jinƙai, wanda ba jama'a ba ya zama jama'a.

A sura ta uku abin ya sauko daga wa'azi zuwa aljihu. An ce wa annabin ya je ya ƙaunaci matar da take hannun wani, sai ya fanso ta da azurfa shekel 15 da awon sha'ir. Waɗansu masana sun lissafta cewa in an haɗa kuɗin da hatsin za su kai wajen shekel 30, diyyar bawa a shari'ar Musa (Fitowa 21:32). Rabi kuɗi, rabi hatsi: da alama mutumin ya kakkaɓe abin da yake da shi ne a gida.

Annabi Ezekiyel, wanda aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, ya koma baya fiye da haka, ya tambayi asalin amaryar. Mutanen Urushalima suna taƙama da zuriyarsu, shi kuwa ya ce wa birnin, ubanki Ba'amore ne, uwarki Bahittiya (Ezekiyel 16:3). Jaririya ce da aka yar a fili ranar da aka haife ta, ba ungozoma, ba a yanke cibiya ba, ba wanka, balle suna. Mai wucewa ya gan ta cikin jininta ya ce ta rayu. Da ta isa aure ya rufe ta da mayafinsa ya rantse mata. Sai annabin ya shiga lissafta kaya kamar mata suna buɗe akwatunan lefe a tsakar gida: tufafi masu ado, takalman fata mai kyau, lilin, siliki, mundaye, sarƙar wuya, zoben hanci, 'yan kunne, kambi. A al'adar Hausa ango yakan kawo lefe, dangin amarya su yi kayan ɗaki da gara, kowane gefe yana da abin da zai nuna. Wannan amarya ba ta da dangin da za su kawo ko cokali. Ba ta da waliyyi, ba ta da garin da za ta ce nata ne, in da a 1969 ne ba ta da takarda. Abin da ta yi da lefen daga baya, yadda ta yanka tufafin ta yi wa gumaka rumfa, ta ɗauki zinariyar ta ƙera siffofi, shi ne ya cika sauran surar. Amma ko wannan sura da alkawari madawwami ta ƙare (Ezekiyel 16:60).

Maganar takarda ta sake fitowa a wurin Irmiya da Ishaya. Shari'ar Musa ta ce in mutum ya ba matarsa takardar saki, ta auri wani, hanyar komawa ga na fari ta toshe har abada (Maimaitawar Shari'a 24:1-4). Maƙwabta Musulmi suna da doka da ta bi ta wata hanya dabam: bayan saki uku mace ba ta komawa sai ta auri wani sun rabu. Ko da yake sun sha bamban, dukansu biyu suna hana namiji wasa da saki. Irmiya ya ɗauko dokar Musa ya shimfiɗa ta a gaban jama'a, ya ce bisa ga wannan ba ku da hanyar komowa, har ya ce an riga an ba mulkin arewa takardarta. Amma a cikin sura ɗaya ɗin nan ya yi ta kira, ku komo (Irmiya 3:1-14). Ishaya kuma, yana magana da waɗanda suke bauta a Babila suna cewa an sake su, ya ce su kawo takardar sakin uwarsu a gani (Ishaya 50:1). Ba mai iya kawowa. Doka ta rufe ƙofa, mai dokar da kansa ya tsaya a bakin ƙofar yana kira.

Yanzu dole a taɓa wurin da yake da ƙaya, gama ba gaskiya ba ne a karanta ayoyin lallashi a tsallake na fushi. A waɗannan surori mijin yana barazanar tuɓe matar tsirara, ya tare hanyarta da ƙaya, ya bar ta da ƙishi. A Ezekiyel 16 da 23 har ana maganar jifa da duwatsu da sara da takobi. Matar da ta zo sujada da kumburarren ido, ta ɗaura ɗankwali ta rufe shi, yaya za ta ji in an karanta wannan daga bagade? Mijin da ya kumbura idon fa, yaya zai ji? Mata masana tauhidi sun daɗe suna yi wa ikkilisiya wannan tambaya. A nan Akra ne, a 1989, Mercy Amba Oduyoye ta Ikkilisiyar Metodis ta tara mata masu ilimin tauhidi daga ƙasashen Afirka suka kafa ƙungiyarsu, ɗaya daga cikin manyan damuwarsu kuwa shi ne yadda ake amfani da al'ada da Nassi a danne mata. A 1995 Renita Weems ta Amurka ta rubuta littafi sukutum a kan waɗannan surori na annabawa. Ba daidai ba ne a kore tambayarsu da cewa rashin bangaskiya ce.

Abu na fari da za a ce shi ne, wannan harshen yaƙi ne. Tuɓewa, da ƙishi, da takobi, da ƙone gidaje, su ne abin da rundunar Assuriya da ta Babila suke yi wa birnin da suka ci. Zane-zanen dutse na cin garin Lakish a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, waɗanda suke gidan kayan tarihi na Birtaniya a Landan, suna nuna kamammu ana korarsu, waɗansu tsirara. Annabawa suna faɗa wa birni abin da yake tafe ne, ba suna koya wa magidanta yadda za su hori iyali ba. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Su wa annabawa suke yi wa magana? Sarakuna, da firistoci, da alƙalai, da manyan 'yan kasuwa, wato maza. Su ne aka ce musu, ku ne matar nan. A cikin misalin babu namiji ko ɗaya da aka ba matsayin miji. Wurin Allah ne shi kaɗai. Namijin da ya karanta Yusha'u ya ga kansa a matsayin mijin da aka ci amanarsa, ya ga matarsa a matsayin Gomer, ya karanta littafin a juye. Shi ne Gomer. Fasto Gomer ne, dattijon ikkilisiya Gomer ne, mai gemu da furfura shi ne jaririyar da aka tsinta a fili. Wannan magana ba ta da daɗi a kunnen namijin zango, ko na Kano, ko na Jos, haka ma ba ta yi wa mazan Samariya daɗi ba, da gangan kuwa aka faɗe ta.

Wuri guda ne aka ce miji ya yi koyi da Angon, wato Afisawa 5. Maza da yawa sun haddace ayar da ta ce mata su yi biyayya, amma ba su kai ga abin da aka ɗora musu ba. Manzo Bulus ya fara da cewa masu bi su yi wa juna biyayya, da ya zo kan miji kuma bai ba shi sandar hukunci ba. Ɓangaren aikin Almasihu da ya ba shi ya kwaikwaya shi ne ba da rai, da ciyarwa, da kiyayewa kamar yadda mutum yake kiyaye jikinsa. Hukunci na Allah ne. Saboda haka dattawan da mace ta kawo musu kuka da rauni a jikinta, suka ce mata ta yi haƙuri domin aure hoton Almasihu da ikkilisiya ne, suka sallame ta ba su kira mijin ba, sun ɓata hoton da suke cewa suna karewa. Haƙuri abu ne mai daraja, amma in kullum gefe ɗaya ake nema wa shi, ya zama wani abu dabam. Tun 2007 Gana take da doka a kan cin zarafi a cikin gida, 'yan sanda kuma suna da sashe na musamman domin wannan. Matar da ta kai ƙara can ba ta karya alkawari ba, hannun da ya doke ta ne ya karya. Annabi Malakai ya ce Ubangiji shi ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, ya kuma ƙi karɓar hadayar wanda ya ci amanarta (Malakai 2:13-14). Haka nan umarnin da aka ba Yusha'u alama ce da aka ɗora wa annabi guda domin al'umma, ba doka ba ce da za a ɗaure kowane wanda aka ci amanarsa da ita.

Littafi Mai Tsarki bai bar misalin a cikin baƙin ciki kawai ba. Waƙar Waƙoƙi tana nan, inda mace take magana fiye da namiji, ba kuwa mai zargin wani. Yahudawa da Kirista na dā sun karanta ta a kan ƙaunar Allah da jama'arsa: Orijen na Iskandariya ya yi mata sharhi a ƙarni na uku, Barnad na Kilabo a Faransa ya yi wa'azi 86 a kanta har ya rasu a 1153 bai wuce farkon sura ta uku ba. A Sabon Alkawari Yesu ya fara alamunsa a gidan biki a Kana. Yahaya Maibaftisma ya kira kansa abokin ango, Bulus kuma ya yi magana kamar waliyyi da ya ba da budurwa ga miji ɗaya (2 Korantiyawa 11:2).

Hausawa suna yi wa amarya kirari cewa ba ta laifi, ko ta kashe ɗan masu gida. Wasa ne na kwanakin amarci, kowa ya san in mako ya zagayo za a fara ganin laifinta. Amma Kirista ba zai iya jin wannan kirari ya wuce ba, gama abin da bishara take faɗa ke nan a zahiri. Ɗan Mai gida ya zo, 'yan adam suka kashe shi, Bayahude da Ba'al'umme, mai mulki da talaka, ba wanda zai wanke hannunsa. Daga cikin waɗannan ne aka ɗauko amarya. Bambancin shi ne, Nassi bai ce ba ta yi laifi ba. Ya faɗi laifin da sunansa, sa'an nan ya ce jinin da ta zubar shi ne ya zama fansarta. Bitrus ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshi masu bi ba, da jinin Almasihu ne (1 Bitrus 1:18-19). An biya lakadan, a gaban shaidu, a bayan garin Urushalima. Wasiƙar nan kuwa Bitrus ya rubuta ta ne ga mutanen da ya kira baƙi masu zaman baƙunci a warwatse cikin Fantas da Galatiya da Kafadokiya, wato mutanen zango na zamaninsa, su ne kuma ya ɗauko sunayen 'ya'yan Gomer ya ɗora musu: dā ba jama'a ba, yanzu jama'ar Allah (1 Bitrus 2:10).

A aure irin na Hausa akwai tazara tsakanin ɗaurin aure da tarewa. An shafa fatiha, an watse, matar ta zama tasa ba ja, amma tana gidansu tukuna, ana sa lalle, ana shirya ɗaki. Yahudawa ma haka suke, shi ya sa aka kira Yusufu mijin Maryamu tun ba su tare ba (Matiyu 1:18-19). Sabon Alkawari ya ajiye ikkilisiya a cikin wannan tazara. Misalin 'yan mata goma da fitilunsu labarin daren jira ne, ango ya yi jinkiri, barci ya kwashe masu hikima da marasa hikima duka, abin da ya raba su shi ne mai a cikin kwalba. Bikin kansa sai a ƙarshen Wahayin Yahaya. A can ma tufafin lilin da amarya ta sa ba ta aka yi (Wahayin Yahaya 19:8). Da mala'ika ya ce wa Yahaya ya zo ya ga amaryar Ɗan Ragon, abin da ya nuna masa birni ne, yana saukowa daga sama, da ƙofofi goma sha biyu, uku a kowace kusurwa: gabas, arewa, kudu, yamma. Al'ummai suna shiga da kayansu, ba a kuwa rufe ƙofofin, gama dare ba ya yi a can.